Filin Sana'a: Yoyon gazuwal a injin babbar mota

Kaka ta yi. Manoman ƙasar Gaya suna neman motocin da za su kwashe shinkafa, rogo da rake. Makiyaya kuma suna loda shanu da tumaki. Daga Gaya zuwa Dosso wajen kilomita 150 ne. Kamba, cikin jihar Kebbi ta Najeriya, tana nan kusa. Tafiyar ba ta da yawa, amma in mota ta mutu a daji da shanu tsaye cikin rana, mai kaya ne ke fara asara kafin mai mota. Don haka filin wannan wata zai yi magana kan wata cuta da ke kwantar da manyan motoci, wato yoyon gazuwal a kan inji.

Injin gazuwal ba shi da buji. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙera shi a shekarar 1897. Fistan yana matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sai a fesa mata mai, ya kama wuta da kansa. Abin da ke fesa man shi ne injekta, wadda wasu ke kira nozul. Kowane fistan da tasa. Mai yana fitowa daga tanki, ya bi ta filta, ya shiga famfo. Famfo ya tura shi cikin siraran bututan ƙarfe zuwa injekta.

Ba duk man ke ƙonewa ba. Kaɗan yakan rage bayan ya sanyaya injekta ya kuma yi mata santsi. Wannan ragowar tana bin wani ƙaramin tiyo daga injekta zuwa injekta, har ta koma tanki. Shi ne tiyon mai da mai. A nan yoyo ya fi yawa. Tiyon na roba ne, kullum yana kwance kan inji mai zafi. In ya tsufa sai ya bushe, ya tsage a bakinsa. A wasu motoci bututun ƙarfe ne, da kusa mai rami da washa biyu na jan ƙarfe. Can kuwa washa ce ke gajiya.

Direba da yawa yakan ce ai ɗan ɗigo ne. To, a yi lissafi. In ɗigo ɗaya na faɗuwa kowane sakan, cikin awa 10 an zubar da lita 1 ko fiye. Cikin wata guda, lita 30 ke nan. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta mai da litar gazuwal sefa 618. Da wannan kuɗin, asarar wata ta wuce jaka 18. Kuɗin nan daga aljihun mai kaya ake fitar da shi, a kuɗin loda.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Ramin da mai ke fita, ta nan iska ke shiga. Da dare mai ya sulale ya koma tanki, da safe mota ta ƙi tashi. Sai a ɗora wa batir laifi, karen mota ya yi ta neman masu turi. In kuma mai ya zuba kan bututun hayaƙi mai zafi, ga ƙura da ƙaiƙayi sun manne, wuta na iya tashi.

Ga yadda ake gano wurin. A kashe mota, inji ya huce. A wanke kansa, a goge da tsumma har ya bushe. A barbaɗa garin alli kewaye da kowace injekta. A tada mota. Inda alli ya fara jiƙewa, can cutar take. A fara dubawa daga sama, don mai gangarawa yake yi, yakan sa a zargi wurin da ba shi da laifi.

Kada a nemi yoyo da hannu. Wannan magana babba ce. Iskar tayar babbar mota awo 8 ce ko 9. Man da ke cikin bututun ƙarfe a tsofaffin motoci, irin su Berliet da Mercedes 911, yana kai awo 200. A sababbin motoci masu kwamfuta yana wuce 1600. Tsirin mai da ido ba ya gani sosai yana huda fata kamar allura. Ciwon ƙarami ne a ido, amma mai na cin nama daga ciki, har a yanke yatsa. Wanda abin ya sama ya tafi asibiti nan take, ya faɗa wa likita gazuwal ne ya shige shi. Kada ya jira gobe. Mai neman yoyo ya kara guntun kwali, ya duba ko ya jiƙe.

In tiyon mai da mai ne, a canza su duka a rana ɗaya, har da murfin da ke toshe bakin injekta ta ƙarshe. Tare suka tsufa. A sayi tiyon da aka yi don mai. Tiyon ruwa, ko na ƙarin ruwa na asibiti da wasu ke sawa, gazuwal na lalata shi da wuri. Kada a toshe hanyar komawar mai wai don yoyo ya tsaya. Washa ta jan ƙarfe, sabuwa ta fi. In babu, a gasa tsohuwar har ta yi ja, a bar ta ta huce, za ta yi laushi. A ɗaure kusa daidai. Ƙarfin tuwo da dogon kile karya ta yake yi.

Bututun ƙarfe in ya tsage, ba a yi masa walda, ba a naɗe shi da robar taya. Canza shi ake yi, a mai da maƙallan da ke hana shi rawa. Bayan aiki a tsohon inji, a fitar da iska da ɗan famfon hannu har kumfa ya ƙare.

Akwai yoyon da ba na tiyo ba. In ana jin "cit, cit" a gindin injekta, ga baƙin abu kamar kwalta, washar da take zaune a kai ce ta ƙone. In kuwa hayaƙi ya yi yawa, inji na ƙwanƙwasa, baƙin mai na ƙaruwa a sandar awo yana warin gazuwal, bakin injekta ne ke ɗiga ciki. Wannan na iya ƙona fistan. Aikin makaniki ne mai na'urar gwaji, ba na gefen hanya ba. Abin da ya fi kawo shi kuwa shi ne man kwalba mai ƙura da ruwa.

Mai kaya yana da ikon dubawa kafin a yi ciniki. Ya leƙa ƙarƙashin motar inda ta kwana. Ya ce a buɗe kan inji, ya shinshina. Ya tambaya ko da kanta take tashi da safe.

Wata mai zuwa filin nan zai yi magana kan filta da tace mai.