In Kwamfutar Wasa Ta Fara Ɗingishi

Ba abin da ke ɓata wa mai wasan kwamfuta rai kamar a ce ana tsakiyar fafatawa, hoto yana gudu lami lafiya, sai kwatsam ya shiga tsayawa yana fizga kamar motar da fetur ya ƙare mata. Da yawa daga cikin samari da zarar sun ga haka sai su yanke hukunci cewa na'urar ta tsufa, su nufi Computer Village ta Ikeja ko Farm Centre ta Kano da kuɗi a aljihu domin sayen sabon katin hoto. Alhali kuwa sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, kuma lokacin da ɗingishin ya auku shi ne ke tona asirin abin da ya jawo shi.

Motsin da ake gani a allo ba motsi ba ne na gaskiya, hotuna ne tsayayyu ake jerawa da sauri, kamar yadda silima ke nuna hotuna 24 a cikin daƙiƙa guda. Masu wasa sun fi son 60 ko fiye, watau ke nan katin hoto yana da ƙasa da kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa domin ya zana kowane hoto. Ido yana iya sabawa da hotuna 40 in sun ɗore a haka, amma faɗuwa daga 90 zuwa 25 farat ɗaya ba mai iya jure mata.

To, abu na farko shi ne a lura da agogo. In wasa ya fara daidai, sa'an nan bayan minti goma ko ashirin ya lalace, lalle zafi ne abin zargi. Masu ƙera waɗannan na'urori sun sa musu dabarar kare kai, ta yadda in ƙwaƙwalwar ta kusa iyakar zafinta sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A yawancin ƙwaƙwalen Intel iyakar tana wajen digiri 100 ne, na AMD da yawa kuwa 95, katunan Nvidia kuma sukan soma ja da baya tun daga digiri 83 ko kusa da haka. Ba sai an yi duba ba, manhajoji irin su HWiNFO da MSI Afterburner kyauta ne, suna nuna zafi da gudu yayin da ake wasa. In aka ga zafi ya hau, gudun ƙwaƙwalwa ya sauka a daidai wannan lokaci, magana ta ƙare.

A ƙasar nan kuwa zafi ba baƙo ba ne. Ƙurar hunturu takan shiga ta toshe haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi har ta zama kamar bargo, sa'an nan bazara ta zo a watan Afrilu da zafin da kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, fanka ta yi ta ihu amma iskar da take jawowa ita ma mai zafi ce. Maganin ba tsada. A cire na'ura daga wuta, a buɗe ta, a riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa, a hure ƙurar da iska. Man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya shi ma yakan bushe bayan 'yan shekaru, sai a ba mai gyara ya goge ya shafa sabo. Mai ɗora kwamfutar cinya a kan katifa ko darduma kuwa, shi ya toshe mata hanci da hannunsa, bai kamata ya yi kuka da kowa ba.

In kuwa faɗuwar ta zo daidai da ɗauke wuta, ba sai an wahala da bincike ba. Batir ba ya iya ba katin hoto ƙarfin da caja ke ba shi, har ma Nvidia tana da wani tsari mai suna Battery Boost wanda aka fito da shi a 2014, mai tsayar da wasa a kan hotuna 30 domin tattalin batir. Haka nan caja: kwamfutar da aka yi wa caja mai wat 180 ko 230, in aka maye mata da mai wat 65 don araha, za ta kunnu, amma ba za ta yi gudu ba.

Sai kuma ɗingishin da ya fara washegarin sabunta manhaja. Wannan ya sha faruwa. A watan Oktoba na 2021, da Windows 11 ta fito, kamfanin AMD da kansa ya ba da sanarwar cewa wasu wasanni na iya rasa har kashi 15 cikin 100 na gudunsu a kan ƙwaƙwalensa, sai da aka fitar da gyara. A irin wannan hali sai a koma wa tsohon direban katin hoto, ko a goge shi kakaf da manhajar DDU a sa wani. Har ila yau yana da kyau a danna Ctrl da Shift da Esc a ga ko wani abu ne yake cin ƙarfin na'ura a ɓoye, kamar Windows tana sauko da gyare-gyare, ko maganin ƙwayoyin cutar kwamfuta yana bincike.

Fizgar da ke zuwa duk sa'ad da ɗan wasa ya shiga sabon wuri a cikin wasan, wannan alama ce ta ma'adana ta cika. Katin da ke da gigabait 4 ko 6 ba zai ɗauki sababbin wasanni a matakin kyau na ƙoli ba. A sauko da kyawun zane mataki ɗaya a sake gwadawa.

Sai dai kowane gyara a yi shi ɗaya bayan ɗaya, a koma wuri guda a cikin wasan a duba lambar hotunan. In lambar tana nan daram a 60 amma abokan karawa suna ɓacewa suna ɓullowa a wani wuri, to kwamfuta ba ta da laifi, layin intanet ne ya kamata a bincika.