RA'AYINMU: A Koya Wa Maniyyata Hawan Lifta

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya ɗaga darajar manoman yankin Madobi da Kura da Bunkure, har shinkafa da alkama da tumatir suka kai da yawansu aikin Hajji. A Makka kuwa masaukan alhazai dogayen benaye ne, waɗanda hawansu sai da lifta, wato na'urar hawa bene. Dattijon da bai taɓa ganinta ba, shi ne zai riƙa shigarta safe da yamma domin zuwa Harami.

Wannan na'ura tana da amfani, amma sakaci da ita yana kisa. Ranar 1 ga Agusta, 2023, lifta ta rikito da wata matashiyar likita a gidan kwanan likitoci na Babban Asibitin Odan da ke Legas, ta rasu, alhali abokan aikinta sun ce sun daɗe suna kuka da lalacewarta.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano da ta sanya darasin lifta cikin bitar da ake yi wa maniyyata. A faɗa musu kada su zarce adadin mutanen da aka rubuta a jikinta. In ƙofa ta buɗe, a duba ƙasa tukuna kafin a jefa ƙafa. Kada a tare ƙofa da hannu, a kuma tattare harami da mayafi. In ta tsaya a tsakanin hawa biyu, a danna ƙararrawa a jira ma'aikata, domin mai ɓalle ƙofa yana iya faɗawa ramin da take bi. In gobara ta tashi, a bi matakala.

A nan gida ma akwai gyara. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a binciki liftar masana'anta duk wata 6. Lalle ne Gwamnatin Jiha ta shimfiɗa irin wannan ƙa'ida a kan asibitoci da otal-otal da ofisoshin birnin Kano. Wadda ta fara gardama a rufe ta har a gyara, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, amin.