Harawa a Ƙasa, Kuɗi Cikin Fitsarin Akuya

Wallahi abin nan ya ishe ni. Duk ranar da na je Maruda gaida Inna, tun kafin in ajiye takalmi sai idona ya faɗa kan abu guda: damin harawa an watsa shi a ƙasa, awaki uku a turke suna tattaka shi kamar tabarmar gado aka shimfiɗa musu. Ɗaya ta tsinci ganye biyu, ta juya ta yi fitsari a kan sauran, ta bi da kashi, sannan ta ɗaga kai tana kuka wai yunwa take ji. Kuma kai ma ka sani, gidanku haka ake yi. Kada ka ce mini a'a.

Harawar nan fa da kuɗi aka sayo ta. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Gwandu ko ta Kalgo a ƙarshen bazara neman harawar wake ko ta gyaɗa ya san yadda mai ita yake yi maka kallon hadarin kaji. Ka yi ciniki har maƙogwaro ya bushe, ka ɗauro a bayan babur, rana na dukan ƙeya, ka iso gida ka zube a turɓaya. Rabi ciki, rabi juji. Aikin banza, harara a duhu.

Akuya ba tunkiya ba ce. Allah ya halicce ta mai cin sama. Dube ta a daji, tana miƙewa da ƙafa biyu ta kamo reshen gawo alhali ga ciyawa a gabanta. Abin da ta taka ko ta ji warin fitsari a kai, gara ta kwana da yunwa. In ma ta daure ta ci, to ta haɗiye ƙwayoyin cutar da ke cikin kashinta, 'ya'yan kuma su kama zawo, sai ka ga an rame, gashi ya tashi, a ce maita ce ko baki. Maye yana nan tsakar gida, shi ne mai zuba abinci a ƙasa.

Na ce wa Kawu, "Kawu, me zai hana a yanka jarka biyu a ɗaura musu a jikin katanga?" Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Kai yaro, kakanninmu da jarka suka yi kiwo?" Ban tanka ba, don girmansa. Amma kakannin nan da komi suka yi, na itace, sassaƙaƙƙe, kuma a zamaninsu akwai makiyaya da burtali. Yau gonar shinkafa da ta albasa sun cinye fili, akuya tana ɗaure damina saboda shuka, tana ɗaure rani saboda fadama. Wayar da ke aljihun Kawu kuwa, ban ji ya tambaya ko kakanni sun riƙe irinta ba.

Kuma zaɓin mazubin ba wani karatun jami'a ba ne. Harawa wurinta daban: ragar igiya da za a rataya, ko kafinta ya haɗa maka sanduna a tsaye, tsakaninsu baki ya shiga amma kai kada ya shiga, don ƙaho in ya maƙale da dare sai ka wayi gari da mushe. A ƙarƙashi a sa faranti ko katako ya tare ganyen da ke kakkaɓewa, domin ganyen nan shi ne harawar, karan kuwa banza ne. Dusa da ƙowa wurinsu daban: komi ko jarka da aka tsaga, a ɗaga daidai ƙirjinta, yadda ba za ta sa ƙafa ba. Kowace akuya a ba ta wuri kamar kamu ɗaya, in ba haka ba uwar garke ta tunkuɗe ƙanana ta cinye. A huda gindi ruwa ya fita, a wanke, don jiƙaƙƙiyar dusa in ta kwana ta yi fumfuna guba ce. Rabin durom yana da ƙarko amma a naɗe bakinsa, yana yanka leɓe. Taya tana da waya a ciki. Jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi kuwa, don Allah don Annabi a bar ta. Na ga masu yi, wai sun wanke da omo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne manya. Jar akuyar nan tamu, ta Sakkwato da Maraɗi, fatarta ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Akwai cibiya sukutum a Shika, kusa da Zariya, aikinta binciken dabbobi. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata guda ta kiwo. Madalla. To a cikin duk wannan, wa ya taɓa zuwa ya tsuguna a gaban turken Inna ya nuna mata inda za ta rataya harawa? Sai dai lokacin siyasa a tara mata a rana, a miƙa musu akuya da igiya, a ɗauki hoto, a kira shi tallafi, mota ta tayar da ƙura. Ba mai tambayar a cikin me za ta ci. Ko a yi taron bita a otal, masu babbar riga suna cin naman akuya suna koyar da juna kiwonta.

Mu ma mazan gida ba mu tsira ba. Akuya ta mace ce, ita ke share turke, ita ke tara dusa, sai ranar da kuɗin magani ko na makaranta ya taso mu tuna da akuyar, mu ja ta kasuwa, dillali ya shafa ƙashin baya ya taya abin kunya, mu dawo muna zagin dillali.

Ranar Juma'ar da ta wuce na sayi jarkar man gyaɗa biyu na tsaga da kaina, na ɗaure da waya a jikin katanga. Kawu yana zaune yana kallo, bai ce uffan ba. Da zan tafi sai ya ce in na sake zuwa in taho masa da biyu, na ragonsa.