Kujerar Kano ta Arewa da Sashe na 55 da Ya Yi Dogon Barci

Mazaɓar Kano ta Arewa ta ƙunshi ƙananan hukumomi 13, daga Gabasawa a gabas har zuwa Shanono da Gwarzo a yamma. Amma tun dawowar mulkin farar hula a 1999, kujerar sanatan yankin ba ta bar hannun maƙwabtan nan biyu ba, wato Gwarzo da Kabo. Bello Hayatu Gwarzo ne ya fara hawanta. A zaɓen 2007 Aminu Sule Garo, wanda garinsu ke cikin ƙaramar hukumar Kabo, ya karɓe ta na ɗan lokaci, kafin kotu ta mayar wa Bello Hayatu, wanda ya riƙe ta har 2015, ya kuma zama babban mai tsawatarwa na Majalisar Dattawa. Daga nan sai Barau Jibrin na Kabo, wanda tun watan Yunin 2023 shi ne mataimakin shugaban majalisar. Ba kowane lungu na ƙasar nan ya sami irin wannan rabo ba, don haka ba laifi idan aka tambayi abin da harshen mutanen yankin ya samu daga gare shi.

Ƙuri'a a Gwarzo ko Getso ko Garo da Hausa ake nemanta. Da ita ɗan takara ke alkawari, da ita mawaƙi ke wasa shi, da ita 'yan adawa ke yi masa zambo a gidajen rediyon Kano. Da zarar an rantsar da shi a Abuja kuwa, sai hidimar ta koma Ingilishi tsantsa. Manomin da ya yini a layin zaɓe ba shi da hanyar jin abin da wakilinsa ya faɗa a zaure, sai ɗan guntun da masu fassarar labarai suka tsakuro masa da yamma.

Abin mamaki shi ne tsarin mulki bai ce haka za a dawwama ba. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi shirin da ya dace. An gaji wannan tanadi ne daga tsarin mulkin 1979. Fiye da shekara 40 ke nan ana jiran shirin, kamar mai jiran gawon shanu.

A nan ne labarin wani lauya daga can gabashin Kanada zai yi amfani. Akadiyawa jikokin Faransawa ne da suka zauna a gaɓar tekun Atilantika, waɗanda Turawan Ingila suka fara kora daga gonakinsu a 1755, aka watsa su uwa duniya. Waɗanda suka tsira ko suka dawo sun rayu a matsayin 'yan tsiraru, ana yi wa Faransancinsu kallon gurɓataccen harshen ƙauye. Daga cikinsu aka haifi Pascal Poirier a garin Shediac na lardin New Brunswick a 1852. Ya yi karatun lauya, kuma a 1885 aka naɗa shi sanata, Ba'akadiye na farko da ya shiga wannan majalisa. Ya zauna a kujerar shekara 48, har rasuwarsa a 1933. Abin da ya fi barin sunansa shi ne hidimar da ya yi wa harshen mutanensa: ya yi shekaru yana tattara kalmominsu yana bin asalinsu, ya fitar da littafi a kai a 1928, ya kuma bar ƙamus na karin harshen. Bayansa wani lauyan Ba'akadiye, Louis Robichaud, ya shugabanci gwamnatin lardin daga 1960 zuwa 1970, a zamaninsa aka yi dokar 1969 da ta ba Faransanci matsayin harshen hukuma daidai da Ingilishi a lardin, daga baya shi ma ya zama sanata. Majalisar wakilan Kanada kuwa tun 1959 take da tafintoci masu fassara magana nan take.

Tilas a yarda cewa misalin bai zo daidai wa daida ba. Poirier naɗa shi aka yi, bai san zafin neman ƙuri'a duk bayan shekara 4 ba, kuma Hausa ba harshen 'yan tsiraru ba ne da ake tsoron ɓacewarsa. Sai dai wannan bambanci ƙara nauyin tambayar yake yi. Idan al'umma ƙarama ta iya kai harshenta zauren doka, me ya hana harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da wa'azi da shirya fim da shi?

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji biyu. Ta farko ba ta da ƙarfi, wai Hausa ba ta da kalmomin aikin majalisa. A Jamhuriya ta Farko da Ingilishi da Hausa ake muhawara a majalisar Jihar Arewa da ke zauren Lugga a Kaduna, kuma ba a ji an rasa kalmar kasafi ko ƙudiri ba. A 1991 hukumar binciken ilimi ta ƙasa ta wallafa jerin kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Kayan aiki suna nan, ƙura kawai suke sha. Hujja ta biyu ita ce mai nauyi: Batibi ko Ba'ijo ko Babarbare zai ce an fifita manya uku an bar shi a rana. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma bai kamata Bahaushe ya yi masa kunnen uwar shegu ba. Amma rufe ƙofa ga kowa bai ƙara wa Tibi ko Barbarci komai ba. Sashe na 97 ya ba majalisun jihohi damar amfani da harsunan jihohinsu, majalisar Legas ma ta daɗe tana zama da Yarabanci ranar Alhamis. Ɗakin tafinta da aka gina don harsuna uku shi ne zai sauƙaƙa shigar na huɗu.

Barau Jibrin shi ke jagorantar kwamitin Majalisar Dattawa na gyaran tsarin mulki, ya taɓa riƙe kwamitin kasafin kuɗi, kuma a majalisar ECOWAS, inda yake mataimakin shugaba na farko, yana ganin yadda tafintoci ke haɗa masu Ingilishi da masu Faransanci da masu harshen Fotugal a zama ɗaya. Wanda ya tsaya har aka kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma a 2024 ya san yadda ake tura abu ya wuce. Sashe na 55 ko gyara ba ya buƙata. Abin da ya rage shi ne gurbi a kasafin majalisa don ɗaukar tafintoci daga sassan harsuna na jami'o'i, da na'urorin saurare a kan kujeru 109, da buga rahoton muhawarar kowace rana da Hausa yadda za a iya karanta shi a rediyo a ji a kasuwar Gwarzo.