Magariya da Dungas: salula ce ke ɗauke da ofis

Duk ƙarshen wata, a cibiyoyin kiwon lafiya na gundumomin Magariya da Dungas akwai aikin da ba ya jiran kowa, wato rahoton yawan marasa lafiya da na magungunan da suka rage, wanda yanzu ta intanet yake isa ga magabata. Da damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitin Magariya da yara, inda ƙungiyar MSF ke taimakawa tun 2005, rahoton da ya makara yana iya jawo magani ya makara. To amma a Bande, ko Kwaya, ko Malawa, ko Dogo-Dogo, ma'aikaci ba ya da wata hanya da za ta sada ordinatarsa da duniya in ban da salular da ke cikin aljihunsa, da layin Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom.

Hanya biyu aka fi bi. Ta farko ita ce salula ta raba intanet ta iska, wato wifi, abin da wayoyin Android suka iya tun 2010. Kowace irin ordinatar tana karɓar wannan ba gardama, sai dai salula kan yi zafi, batirinta kuma ya ƙare da wuri. Ta biyu ita ce a haɗa su da igiyar USB, salula na ba da intanet, ordinatar na yi mata caji. Wanda ya tuna watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, ya san darajar wannan dabara.

Sai dai a kan igiyar nan ne rigima take, domin kowane tsarin ordinatar da harshen da yake ji. Yawancin wayoyin Android suna magana da wani harshe na kamfanin Microsoft mai suna RNDIS. Windows na gane shi nan take, haka ma Linux, irin su Ubuntu. Ordinatar Mac ta kamfanin Apple kuwa ba ta san shi ba, sai mai ita ya koma ga wifi. Da iPhone al'amarin juyawa yake yi: Mac na karɓarta hannu bibbiyu, Windows kuwa sai an zuba mata iTunes ko Apple Devices tukuna. Ga kuma abin dariya mai ban haushi, sai da intanet ake sauko da su, alhali intanet ɗin ake nema. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai koma ƙauye da irin wannan na'ura, ya gama shirinsa tun yana Damagaram.

Akwai kuma ɓarawon da ba a gani. In aka haɗa salula da igiya, Windows kan ɗauka layin ofis ne marar iyaka, sai ta shiga sabunta kanta a ɓoye, ta lashe megar da aka saya don aikin wata guda kafin a aika takarda ɗaya. Maganinsa a shiga saiti a shaida mata cewa wannan layi na awo ne, abin da da Faransanci aka rubuta «connexion limitée». A bakin iyaka kuma, wajen Tinkim ko hanyar kasuwar Maigatari, salula kan tsallaka ta kama rezon Nijeriya, kati ya tafi a kuɗin baƙunta. Mai hankali ya kan zaɓi rezonsa da hannu, ya rufe yawon layi.

Duk waɗannan dabaru ba su fi a koyar da su cikin wuni guda ba. Abin da ya fi nauyi shi ne tambayar wanda ke biya. Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011, ofisoshi sun ƙaru, rahotannin da ake nema sun ƙaru, amma sau da yawa malamin asibiti ko daraktan lakwal daga albashinsa yake yankar jika ɗaya, jika biyu, ya sayi kati don aikin gwamnati. An ba kamfanin Starlink izinin aiki a Nijar, sai dai kayansa sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci.

Ya kamata magabatan jihar Damagaram, da magadan gari, da ƙungiyoyin da ke raba ordinatoci, su tuna cewa wanda ya ba da doki shi ke ba da linzami. Duk na'urar da za a miƙa wa ma'aikacin karkara, a haɗa masa da igiya mai kyau, da horo, da kuɗin kati na kowane wata a cikin kasafi. In ba haka ba, ranar da aljihunsa ya bushe rahoto zai kwana a Malawa, yaron da ke jiran magani kuma shi zai biya.