Tsawon igiyar kare da faɗin lungunmu

A wani yammacin Laraba, gab da magariba, ina tafe a ƙasa cikin ɗaya daga lungunan da suka ɓalle daga Court Road a Gyadi-Gyadi, sai na ci karo da wani saurayi yana jan kare. Na ce yana jan kare, amma a zahiri karen ne ke jansa. Ƙaton kare ne irin na Turawa, ya yi gaba da kamar taku bakwai, shi kuwa saurayin yana baya, hannu ɗaya riƙe da wani abu na roba mai kama da tef ɗin awon magina, ɗaya hannun yana latsa waya. Daidai lokacin aka taso 'yan Islamiyya. Karen ya sha kwana kafin mai shi, yara suka watse, wata yarinya da ba za ta wuce shekara bakwai ba ta ja da baya a firgice ta zurma cikin kwata. Karen bai taɓa ta ba. Da muka tsamo ta, gwiwarta na jini, littattafanta sun jiƙe, saurayin ya ce da ni: "Malam, wallahi ba ya cizo." Na ce masa: "Samari, kai ka san haka. Ita wa ya gaya mata?"

Abin da ke hannunsa shi ne igiya mai naɗe kanta, wadda na fara gani jefi-jefi a hannun matasa masu kiwon karnuka a Tarauni da kewaye. Wani Bajamushe, Manfred Bogdahn, shi ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1970, kuma kamfaninsa mai suna Flexi har yau shi ne ya fi shahara da ita. Ya ɗauko dabarar ne daga igiyar da ake fizga a tayar da injin yankan katako, irin wadda muke fizga mu tayar da janareta ta koma ciki da kanta. A cikin mariƙin akwai faifai da sifirin: kare ya yi gaba, igiya ta warware, ya dawo, ta naɗe. Akwai maɓallin birki a ƙarƙashin babban yatsa. Tsawonta kan kai mita 3, ko 5, ko 8.

Ba na cikin masu ganin kiwon kare a matsayin baƙon abu a ƙasar Hausa. Mafarauta da makiyaya sun daɗe da karnukansu, malamai kuma sun yi bayanin halaccin riƙe kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona. Abin da ya sauya shi ne irin karen da kuma inda ake ajiye shi. Tsoron ɓarayi da masu ƙwacen waya ya sa gidaje da dama a Kundila da Daurawa da Darmanawa suka koma ga manyan karnukan gadi, ga kuma samarin da suka mayar da kiwon sana'a ko ado. Karen da nauyinsa ya kai kilo 40, wanda ke wuni a keji, dole ne a fito da shi ya miƙe ƙafa, in ba haka ba ya zama masifa ga gidan da ma maƙwabta.

A nan ne igiyar take da amfaninta, kuma ba zan tauye mata haƙƙi ba. A fili mai faɗi, da sassafe, babu yara babu ababen hawa, tana bai wa kare damar shinshine-shinshine da ɗan gudu ba tare da an sake shi ba. Ba ta jan ƙasa, saboda haka ba ta kwasar ƙazantar kwata. Dattijon da ba zai iya bin saurin karensa ba yana samun sauƙi da ita. Kuma ko ba komai, ta fi a kwance kare a bar shi ya yi ta gararamba a unguwa.

Sai dai wanda ya ƙera ta ya yi tunanin kare mai horo ne, wanda in an kira shi zai dawo, da dandali mai ciyawa, da hanyar masu tafiya a ƙasa wadda aka ware daga ta motoci. Mu kuwa lungunmu da yawa faɗinsu bai kai mita 5 ba. A cikinsa mai shayi ya kafa tebur, awaki suna kwance, almajirai suna bara, Adaidaita Sahu na kutsowa domin kauce wa cunkoson titin Zariya. Idan igiya ta fi lungu tsawo, to babu inda mai wucewa zai raɓe wanda karen ba zai kai ba. Sunan igiya ne kawai, karen a sake yake.

Kuskuren da masu ita suka fi yi shi ne ɗaukar maɓallin birki a matsayin linzami. Birkin yana hana igiya ƙara warwarewa, amma ba ya janyo kare. Sifirin ɗin ba shi da ƙarfin jan ko ɗan kwikwiyo. Yana naɗe abin da ya yi sako-sako ne kawai. Idan karenka yana mita 5 daga gare ka ya tasam ma yaro, to sai ka bi shi da gudu kana naɗewa, ko ka cafki igiyar da hannu. Wannan na biyun shi ne abin da kamfanonin da kansu suke gargaɗi a kai a takardar da ke cikin kwali, domin siririyar igiya mai gudu tana ƙona fata, tana yanka, har takan guntule yatsa idan ta naɗe shi. Ga kuma wani lissafi da ɗaliban kimiyya na sakandare suka sani: idan gudun abu ya ninka biyu, ƙarfin da yake ɗauke da shi ninkawa huɗu yake yi. Gajeriyar igiya ba ta bai wa kare filin ɗaukar gudu. Doguwa tana ba shi, sannan a ƙarshenta ko dai wuyansa ya sha fizga, ko kafaɗar mai riƙon, ko ƙugiyar ta karye, ko mariƙin ya suɓuce ya bi karen yana ƙara a ƙasa, ya ƙara firgita shi. Da almuru kuma igiyar ba ta ganuwa. Mai babur zai hangi mutum a dama, kare a hagu, ya ɗauka tsakaninsu hanya ce. Uwa-uba, tana koya wa kare cewa duk sanda ya ja za a ƙara masa, wanda shi ne kishiyar horo.

Ba mu kaɗai muke da cunkoso ba. Birnin New York na Amurka ya ƙayyade cewa igiyar kare a bainar jama'a kada ta wuce ƙafa 6, wato ƙasa da mita 2. Su da yaransu suka taso da karnuka a ɗaki ke nan, balle mu da yawancin 'ya'yanmu abin da suka sani game da kare shi ne gudu, gudun kuma shi ke sa kare ya bi.

Da abin ya tsaya a gogewar gwiwa, da ban ɓata wannan fili a kansa ba. Bayan kowane cizo akwai fargabar ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan duk daga karnuka ake ɗaukarsa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda yake halakawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Abin takaicin shi ne tun 1885 Louis Pasteur ya ceci yaro ɗan shekara tara da allurar rigakafi a Faransa, kuma a nan gida Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa allurar karnuka. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar. Mu mutanen wannan yanki ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a ƙofar gidanmu. Kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga yadda karen zai yi.

Shi ya sa "ba ya cizo" ba ta gamsar da ni. Abin da nake so in ji daga mai kare shi ne ranar da aka yi masa allura ta ƙarshe, da katin likitan dabbobi a aljihu. Abin da nake so in gani a hannunsa cikin unguwa kuwa shi ne igiya mai kauri ko sarƙa wadda ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba, kare a gefen ƙafarsa, da takunkumi a baki idan mafaɗaci ne, waya kuma a aljihu. Wanda ya riga ya sayi mai naɗewar, ya kulle ta a gajarce har sai ya isa fili, ya zaɓi mai faɗin zare wadda ake gani, ya duba nauyin da aka rubuta a jikinta, kada kuma ya miƙa wa yaro. Masu unguwanni da limamai ba sa buƙatar jiran wata doka daga majalisa kafin su kira masu karnuka su daidaita da su a kan lokacin fita, a kauce wa sa'ar tashin makarantu.

Bayan mako biyu na haɗu da mahaifin yarinyar a masallaci, na tambaye shi jikinta. Ya ce: "Alhamdu lillahi, Malam, ciwon ya warke. Sai dai ta ƙi bin lungun nan." Yanzu ta bakin babban titi take zagayawa zuwa Islamiyya, cikin motoci da Adaidaita Sahu, yayanta na riƙe da hannunta.