Ra'ayi: Baƙon da ya sauko mana daga Mars da sirrin da muka ƙi tambaya

Da wuya ka shiga zauren WhatsApp na 'yan Damargu, musamman irin wanda ya haɗa na gida da 'yan ci-rani na Libiya da Aljeriya da Kano, ka yi sati ba a turo bidiyon wasu fitilu suna tafiya a jere cikin dare ba. Ƙasan bidiyon kuma sai ka ga an rubuta cewa baƙin halittu ne daga wata duniyar, Amurka ta daɗe da sanin zuwansu, gwamnatoci ne kawai suka haɗa baki suke ɓoye wa talaka. Masu ilimin boko cikinmu sukan yi dariya su wuce. Ni ba na cikin masu dariyar. Matashin da ya ce gwamnati na ɓoye masa abin da ke yawo a saman kansa yana da hujja, kuma tarihin ƙasar nan na bayansa. Inda muka rabu da shi shi ne kan abin da ake ɓoyewar, domin a ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Maganar ta ƙara ƙarfi ne tun ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da wani tsohon jami'in leƙen asirin sojan saman Amurka, David Grusch, ya yi rantsuwa gaban wani kwamitin majalisar wakilai ya ce gwamnatinsu na riƙe da tarkacen jiragen da ba ɗan Adam ya ƙera ba. Abin da masu yanka bidiyon ba sa sakawa shi ne, shi da bakinsa ya ce bai ga jiragen da idonsa ba, wasu ne suka ba shi labari. A watan Maris na 2024 ofishin da ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa don bin diddigin irin waɗannan rahotanni ya ce bai samu wata shaida ba. Mai shakka zai ce ai ɓarawo ba ya kama kansa. To, mu duba ƙaryar da aka riga aka kama su da ita.

A 1947 wani abu ya faɗo kusa da garin Roswell, sojoji suka ce balan-balan ɗin auna yanayi ne. Sai a 1994 rundunar sojan sama ta amsa cewa na'urar sirri ce ta sauraron gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyat. A 1997 wani masanin tarihi na hukumar CIA ya rubuta cewa fiye da rabin rahotannin baƙin abubuwa a sama daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960, jiragen leƙen asirinsu ne irin su U-2, masu tashi sama fiye da duk jirgin da mutane suka sani a lokacin. Shi kansa sansanin Area 51 da ake ta fim a kansa, sai a 2013 CIA ta amsa sunansa a takarda. Ƙarya dai an yi ta, shekara da shekaru. Amma duk lokacin da aka ɗaga mayafin, kayan yaƙin gwamnati ake tararwa a ƙasa. Labarin baƙin halittu ma taimakon masu ɓoyon ya yi, tunda wanda ke neman mutanen Mars ba zai tsaya tambayar kuɗin jirgin leƙen asiri ba.

Mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa kwana a waje lokacin bazara a kwarin Tarka, ko a wani mashekari tsakanin Belbeji da Tanut, ya san sararinmu ba irin na Yamai ba ne. Babu hasken lantarkin da ke dusashe taurari. Makiyayi ya san Zara, ya san Kaza da 'ya'yanta, ya san lokacin fitowar kowace, saboda haka idan ya ce ya ga baƙon haske, ya gani ɗin. Fitilun da ke tafiya a layi kamar ayarin raƙuma, taurarin ɗan Adam ne na kamfanin Starlink, waɗanda ake harbawa da yawa a tashi guda tun 2019, kuma ana ganinsu a jere bayan magariba ko kafin asuba kafin su warwatsu. Kamfanin nan ne dai yanzu wasu ke biya don samun intanet a Nijar, har ma da turo bidiyon. Haske guda mai ƙarfi da ke ratsa sama cikin 'yan mintuna ba ƙara ba ƙyaftawa, galibi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, mai nisan kilomita 400 daga ƙasa.

Sai kuma wanda ake jin gurnaninsa ba a ganinsa. Daga Tanut zuwa Agadas kimanin kilomita 300 ne, tafiyar da ba komai ba ce ga kurman jirgi mai iya yin fiye da awa 20 a sama. A can ne Amurka ta gina sansani mai lamba 201 kan kuɗi kimanin dala miliyan 110, ta fara tada jirage daga cikinsa a 2019. A Dirku kuma akwai wani na CIA, wanda 'yan Nijar da yawa ba su ji labarinsa ba sai da jaridar New York Times ta fallasa shi a watan Satumbar 2018. Ba mu kaɗai aka bari a duhu ba. Bayan harin Tongo Tongo na 4 ga Oktobar 2017, inda aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da namu, manyan sanatocinsu irin su Lindsey Graham sun fito sun ce ba su san yawan sojojinsu da ke Nijar ba. Ranar 16 ga Maris 2024 da Kanal Amadu Abdurrahman ya karanta sanarwar soke yarjejeniyar soja da Amurka, ya ce wata takardar diflomasiyya ce kawai ta 2012 aka ɗora komai a kanta. Ka ji fa. Shekara goma sha biyu baƙi na tashi da sauka a sararinmu, dan ƙasa bai taɓa karanta sharaɗi ko ɗaya ba. Sun bar Agadas a watan Agustan 2024.

Kakanninmu ma an yi musu. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tarwatsa bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya. Taswirar da ta nuna yadda ƙurar gubar ta bazu a kan ƙasashen Sahel, har Injamena da Bamako, ta zauna a akwatin sirrin soja fiye da shekara hamsin, sai a 2014 jama'a suka gan ta a jarida.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne, baƙo na gaskiya daga wata duniyar ya sauka a Nijar, kuma zaurukan da ke ta muhawarar fitilu ba su ba shi ko rabin lokacin da suke ba bidiyon bogi ba. Ranar 16 ga Nuwambar 2023 wani mai farautar duwatsun sama, wanda ba a bayyana sunansa ba, ya tsinci wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a jihar Agadas. Bincike ya tabbatar ɓallin duniyar Mars ne: wani abu ya daki Mars da ƙarfi, ɓaraguzai suka fantsama sararin samaniya, wannan ya yi ta yawo har ya faɗo cikin Tenere. Duwatsun Mars da aka sani a duniya ba su wuce kimanin 400 ba, kuma wannan ne mafi girmansu. Daga hamada ya bi hannun dillalai ya isa Italiya, aka ajiye shi a wani gidan baje koli mai zaman kansa a Arezzo, aka nuna shi a Roma. Ranar 16 ga Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York kan kimanin dala miliyan 5.3 idan an haɗa da kuɗin la'ada, wato wajen miliyar 3 na sefa. Mai sayarwa a ɓoye, mai saye a ɓoye.

Sai da aka buga gudumar gwanjo sannan hukumomin Yamai suka ce za su binciki yadda dutsen ya fita, daga baya Janar Abdurahaman Tiani ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da na sama daga ƙasar. Sotheby's ya ce an bi duk ƙa'idar da ta kamata. Mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa, kuma nan ne abin kunyar yake, domin a lokacin da dutsen ya fita Nijar ba ta da wata doka ta musamman kan duwatsun da ke faɗowa daga sama. Kilo 25 ba allura ba ne. Ya ratsa shingaye, ya hau mota ko jirgi, wani ya gani, wani ya sa hannu ko ya kau da kai. Wannan shi ne sirrin baƙon sama da ya shafe mu, kuma yana da amsar da za a iya rubutawa a takarda da sunaye da ranaku.

Dubi ko sunan da aka raɗa masa: NWA 16788. Haruffan na nufin arewa maso yammacin Afirka, suna ne na jimla da masana ke ba duwatsun yankin Sahara da suka biyo ta kasuwa. Kwatanta shi da na Katsina. Ranar 3 ga Oktobar 1962 wani dutsen Mars mai kimanin kilo 18 ya faɗo a gonar wani manomi a Zagami, kusa da inda yake tsaye. Saboda an san wurin kuma an rubuta, har gobe duk ɗalibin da ke nazarin Mars a Amurka ko Japan sai ya furta sunan wannan ƙauye na ƙasar Hausa. Wanda ya faɗo a jihar Tawa a 1991 shi ma yana ɗauke da sunan Tazerzait. Namu mafi girma a duniya lamba ce kawai kamar ta mota.

Don haka idan za mu matsa wa gwamnati kan abin da take ɓoyewa, ga inda ya kamata a matsa. Sakamakon binciken dutsen Agadas haƙƙin jama'a ne, a karanta shi a rediyo da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, a faɗi hanyar da ya bi da nawa aka ba mutanen da suka fara riƙe shi. Dakatar da fitarwa kaɗai ba ta isa ba. Hani ba tare da lada ba sumoga yake haifarwa, wanda duk ɗan kan hanyar Agadas ya sani. Ana buƙatar doka da za ta ce wanda ya tsinta yana da kaso sananne, ƙaramar hukumarsa na da nata, sannan a yanki samfuri a ajiye a jami'ar Abdu Mumuni ko ta Damagaram. Haka nan mahukuntan da suka soki takardar 2012 saboda an yi ta a ɓoye, su ne ya fi kamata su nuna mana abin da suka sa wa hannu da sababbin abokai. Masu horar da soja daga Rasha sun sauka Yamai a watan Afrilun 2024, kuramen jiragen Turkiyya kuma tun kafin juyin mulki aka saye su. Ba wanda ya ce a faɗi ranar da za a kai farmaki. Amma wa ke da izinin tashi a sararin Damargu, da wa za a kama idan jirgi ya faɗo kan garke ko rijiya, wannan ba sirrin yaƙi ba ne.

Ga 'yan ci-rani masu kiran gida kuwa, akwai saƙon da ya fi bidiyon fitilu amfani ga ƙanen da ke bin raƙuma arewa da Tarka. Dutsen sama yakan zo da baƙar fata ko ja mai duhu kamar an ƙona shi, jikinsa da 'yan lotsa kamar an danna yatsa a kwaɓaɓɓiyar laka, ya fi duwatsun wurin nauyi, kuma yawancinsu maganaɗisu na kama su, ko da yake na Mars ba ya kamawa sosai. Ba shi ne gatarin aradu da tsofaffi ke ajiyewa ba, wancan gatarin mutanen da ne da suka sassaƙa da hannu. Wanda ya gamu da irinsa ya ɗauki hotonsa a inda yake kafin ya taɓa shi, ya sa salula ta riƙe masa alamar wurin, ya kai maganar gaban mai gari da magajin garin Tarka da shaidu, kuma kada ya sallama wa dillalin farko da ya tsayar da mota ya zaro jaka hamsin.